Me za a zuba a tsakanin bedin lambu don a huta da ciyawa?

Tambaya: Na gina bedi shida da bulo a bayan gida, ina shuka latas da alayyahu. Hanyoyin da ke tsakaninsu kullum a cike suke da ciyawa, ga ciwon baya ya hana ni sunkuyawa. Me zan zuba? (Wata Hajiya daga Zariya)

Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki, aikin yini ɗaya ne, yara za ki sa. A fara tone ciyawar har saiwa. In akwai aya-aya sai an haƙo 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, don tsininta yana huda kwali, har leda ma. Kiri-kiri kuwa guntun jijiya ɗaya ya ishe ta dawowa. Daga nan a ɓare salatif a jikin kwali, a shimfiɗa shi ninki biyu, bakin kowanne ya hau na kusa da shi da santimita 15, a jiƙa sosai. Sai a zuba ƙaiƙayin shinkafa a kai, kaurin santimita 8 zuwa 10. Ki nemi na shinkafar da aka turara, don na ɗanya yakan zo da ƙwayar da za ta tsiro. Da hunturu iska na kwasarsa, sai a riƙa yayyafa masa ruwa, kaji kuma a tsare su. Kwali yana kiran gara, kada ya taɓa katangar ƙasa ko katako.

Tambaya: Tsakuwa ko intalok? (Wani malami daga Katsina)

Tsakuwa, Malam. Intalok kuɗi ne mai yawa, ciyawa kuma ta tsakanin duwatsun take fitowa. Hanya mai tsawon mita 10, faɗin santimita 60, kaurin santimita 5, baro biyar na tsakuwa zai ishe ta. A daɓe ƙasan tukuna, a ɗan karkata shi don ruwan damina ya wuce. In baro zai riƙa bi, faɗin ya kai santimita 90.

Tambaya: An ce in zuba baƙin mai in rufe da leda, shi ke nan. Haka ne? (Wani matashi daga Gusau)

Wanda ya gaya maka haka ba ya cin ganyen lambunka. Baƙin mai dattin inji ne, yana ɗauke da guba, ruwan ban-ruwa zai kai shi ga saiwar abin da za ka ci, ya gangara har rijiya. Ledar kuma hana ruwa nitsewa take yi, hanya ta zama kwata, sauro ya samu gida, rana ta gasa ta ta farfashe, ka shekara kana tsintar guntayenta a cikin taki. Har shimfiɗar hana ciyawa da ake tallatawa a intanet a yi hattara da ita, akwai mai sayar da abin da bai fi buhun siminti ƙwari ba da sunan ta waje. Kafin ka biya, ɗaga ta sama. In kana hango rana ta cikinta, ciyawa ma za ta samu haske. Zuba mata ruwa, ta ƙwarai tana tsiyayar da shi. Ko ta ƙwaran ce, a rufe ta da tsakuwa, kada a bar ta a rana.

Tambaya: Gishiri fa? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Zai kashe ciyawa, ruwa ya kai shi bedi ya kashe tumatirinka. Bar shi a madafa.