Tambaya da Amsa: Ina Keken Raleigh Ya Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. A da idan aka ce mutum ya sayi keke a garinmu, to Raleigh ake nufi, malamin makaranta da ɗan kasuwa duk shi suke hawa. Yanzu ko a shagon masu sayar da kekuna ba na ganin sabo. Kamfanin ne ya rushe, ko kuwa ingancin keken ne ya lalace? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sunan Raleigh yana nan har gobe, masana'antar da ta ɗaukaka sunan ce ta tafi.

A birnin Nottingham na Ingila aka kafa kamfanin a ƙarshen shekarun 1880, ƙarƙashin Frank Bowden. Ya girma har ya haɗiye abokan hamayyarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sai sashen kekuna na BSA a 1957. A 1951 ya ƙera kekuna fiye da miliyan ɗaya. A wancan zamanin Najeriya tana cikin manyan kasuwanninsa, shi ya sa har aka buɗe masana'antar Raleigh a Bompai, Kano.

Matsala ta fara ne daga gida. A shekarun 1950 ma'aikacin Ingila ya soma samun halin sayen mota, keken zuwa aiki ya rage kasuwa. A 1960 kamfanin Tube Investments (TI) ya sayi Raleigh. An ci gaba da samun nasara jefi-jefi, har a 1980 ɗan tseren keke Joop Zoetemelk ya lashe tseren kekuna na Faransa da ƙungiyar TI-Raleigh. Amma a daidai lokacin tsarin ƙera keke a duniya yake sauyawa. Raleigh ya saba yin kusan komai da kansa, tun daga ƙashin keke har zuwa noti, a katafariyar masana'anta mai dubban ma'aikata. Su kuwa masu ƙera keke a Taiwan, daga baya China, sai su yi ƙashin kawai, su sayi giya da birki daga kamfanin Shimano na Japan, su haɗa a farashin da Nottingham ba za ta iya kusanta ba. Da keken hawan dutse mai giya da yawa ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, Raleigh ma ya yi nasa, sai dai ya zama ɗaya daga cikin masu yawa, kuma da kayan wasu. A 1987 aka sayar da shi ga kamfanin Derby, a 1999 aka daina ƙera ƙashin keke da yawa a Nottingham, a 2002 aka rufe haɗa keke a can gaba ɗaya. A 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya sayi sunan.

A nan gida kuwa, abu biyu suka haɗu. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, duk abin da ake shigo da kayan haɗa shi daga Turai ya fi ƙarfin talaka. Kekunan Phoenix na China da Hero da Avon na Indiya suka cike gurbin, da siffa iri ɗaya: taya mai inci 28, birkin sanda, kariya mai faɗi. Manomin da yake son ɗaukar buhun masara zuwa kasuwa ya samu abin da zai yi masa aikin da kuɗi kaɗan. Na biyu shi ne babur. Ma'aikacin da a da burinsa keke ne ya koma kan babur tun bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, daga baya baburan China masu araha suka ƙarasa aikin. Matasa kuma suka raja'a ga kekunan gwanjo masu giya, marasa nauyi.

A ganinmu ba rashin inganci ne ya kayar da tsohon Raleigh ba. Keke ne mai nauyin kusan kilo 20 wanda aka yi domin ya shekara talatin yana aiki, a zamanin da mai saye ya koma duba farashi da rashin nauyi.

Tambaya: Na gāji Raleigh daga mahaifina. Wurin da feda take juyawa yana kaɗawa. Mai gyara ya sa sabon kofi (murfin ƙarfen da ke riƙe boris a gidan feda), ya shiga kaɗan ya cije. Me ya jawo haka? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka ce wa mai gyaran ya dakata, kada ya sa ƙarfi. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa masu gyara suka gaji da keken.

Tsohon Raleigh na Nottingham yana da nasa ma'aunin zaren noti. A gidan feda da wuyan keke, zarensa 26 ne a kowane inci, alhali na yawancin kekuna 24 ne. Bambancin ba ya ganuwa da ido, don haka kofin da ba nasa ba zai shiga zagaye biyu ko uku, sannan ya cije. Idan aka matsa da sifana, zaren da ke jikin ƙashin keken ne zai cinye, kuma wannan ɓarna ce mai wuyar gyara. Gidan fedar ma ya fi na sauran kekuna faɗi, saboda haka sandar tsakiya ta wani keke kan yi masa gajarta.

Sau da yawa tsohon kofin lafiyarsa ƙalau, boris ne suka cinye. Ga yadda za a yi. A sassauta notin fin ɗin da ke riƙe hannun feda har ya yi daidai da bakin fin ɗin, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututun ƙarfe, sannan a buga da guduma sau ɗaya da ƙarfi. Bugu kaɗan-kaɗan lanƙwasa fin yake yi. A kwance zoben kulle da kofin hagu, a zare sandar. Kofin dama a bar shi a wurinsa. Idan dole sai an cire shi, a tuna zarensa na hagu ne, wato ana kwance shi ta ɓangaren da ake ɗaure sauran. A wanke komai da kananzir, a shafa yatsa a cikin kofi da kan sandar. In babu rami-rami, a zuba sabbin boris masu kwatar inci, 11 a kowane gefe, cikin giris mai kauri. Kada a gauraya sabbi da tsofaffi, domin sabbin ne kaɗai za su ɗauki nauyi su farfashe. A ɗaure kofin hagu har kaɗawar ta ɓace amma sandar tana juyawa da yatsu biyu, sannan a kulle zoben. In kofin ya yi rami, a nemi na wani tsohon Raleigh da ya mutu a wurin masu gyara.

Tambaya: Ta yaya zan gane Raleigh na asali? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Kada ka dogara da fenti ko rubutun jiki, ana bugawa a kan kowane keke. Duba tambarin gaban wuya, mai kan tsuntsun zalɓe, wanda a tsofaffin aka kafe shi da ƙusoshi ba da gam ba. A da yawa daga cikinsu akwai siffar tsuntsun a jikin farantin sarƙa. Ka ƙirga wayoyin ƙafa: tsohon tsarin Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya. Idan mai giya uku ne ƙirar kamfanin Sturmey-Archer, an buga shekara da watan ƙira a jikin cibiyar ƙafar baya. Lamba 74 da 6 na nufin Yunin 1974. Sai dai cibiya ana iya sauya ta, don haka ka haɗa wannan shaida da ta zaren gidan feda kafin ka biya kuɗi.