Amsoshin Tambayoyinku: Gina Kano a Kan Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Wani malamin sakandare daga Gwale ya rubuto cewa: "Ɗan'uwana ya yo mini tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki daga Ingila, kan jirgi ɗaya da tarago uku da layinsa. Na ga ana sayar da ƙananan gidaje da tasha da bishiyoyi a intanet. In yi odarsu ne, ko akwai wata dabara?"

Malam, kafin ka taɓa aljihunka, juya kwalin ka duba haruffan da ke jikinsa. Tunda daga Ingila ya fito, musamman in na kamfanin Hornby ne, galibi OO za ka gani, wato an rage girman komai sau 76. Na Amurka da na Jamus galibi HO ne, sau 87. Faɗin layinsu ɗaya ne, milimita 16.5, shi ya sa mutane ke ɗauka duk abu guda ne, sai an ajiye gidan wannan kusa da jirgin wancan ido ya ga ba su dace ba. Ga abin da nake so ka fara yi: yanki kwali ka fitar da ɗan mutum mai tsawon milimita 22, wanda shi ne magidanci mai mita 1.7 a ma'aunin OO. Ka tsayar da shi a kan teburin. Duk ƙofar da za ka yanka, duk katangar da za ka ɗaga, ka gwada ta da shi.

Batun oda kuwa, ban ba ka shawara ba. Yawancin gidajen nan na ƙauyukan Jamus da Ingila ne, masu rufi mai tsini saboda ƙanƙara, ga tsadar dala, ga kuɗin dako. Kuɗinka ya tafi a kan abu uku da ba ma iya ƙerawa a gida: kan jirgi, layi, da akwatin wutar da ke ba jirgin lantarki. Sauran duk Kano tana da su, kuma tana da tarihin da ya isa a gina. Jirgi ya iso garin nan daga Baro a 1911, a 1912 aka fara zirga-zirga tsakaninmu da Legas, a 1930 layi ya kai Nguru. Ni dai ina jin takaici in ga ɗan Kano ya ɓata wata shida yana gina ƙauyen da bai taɓa takawa ba, alhali ga ganuwa ga soraye a bayan gidansu.

Ginin ƙasa ma ya fi na Turawa sauƙin kwaikwayo, domin ba ya son layi miƙaƙƙe ƙyam. Ka haɗa ƙashin ginin da kwali mai kauri, ka sa gindin bango ya fi samansa faɗi kaɗan kamar yadda magina ke jera tubali. Sai ka tankaɗe jar ƙasa, ka kwaɓa ta da ɗan POP da farin gam na kafintoci irin Top Bond, ka yaɓe da ɗan yatsa. Da yatsa nake nufi, kada ka sa wuƙa, domin sawun hannun shi ke ba bango rai. Ka murje kusurwoyi su yi laushi, ka tayar da zankwaye a saman soro, ka yanko bututun tawadar biro ka soka a matsayin indararo. Kafin ka fara, ka ware yini guda ka je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ka tsaya ka kalli yadda haske ke sauka a jikin bango, da yadda ruwan indararo ke barin tabo a ƙarƙashinsa. Wannan tabon, in ka sa shi da tsinken buroshi, ya fi duk wani ado da za ka saya. Rumfunan tasha da sito kuma kwano suke so: ka shimfiɗa takardar alminiyon a kan haƙoran matajin kai masu ƙanƙanta, ka goga da farce, ka yanka falle-falle, ka ɗiɗɗiga fenti ruwan ƙasa ya zama tsatsa.

Kuma kada ka bar dalar gyaɗa. Ita ce ta sa aka san tashar Kano a duniya tun zamanin su Alhassan Ɗantata, kuma babu kamfanin da zai sayar maka da ita. Ka sassaƙa dalar da farar kumfar nan ta cikin kwalin firiji, ka mulmula ƙananan buhuna da yumɓu, kowane kamar santimita ɗaya, ka jera daga ƙasa zuwa sama, sahu bisa sahu. Aiki ne mai cin rai, amma fatar waje kawai za ka lulluɓe. Wani zai ce maka ka yi amfani da ƙwayar alkama ko shinkafa tunda sun yi kama da buhu. Kada ka yarda. Ɓera da kyankyaso za ka gayyato, su ci dalar su haɗa da gidajen kwalin.

Wani tela daga Fagge ya ce ɗakinsa ɗaya ne da falo, yana tambaya ko ya sayi HO ko ƙaramin nan da ake kira N.

Maigida, lissafin a fili yake. Jirgin HO yana buƙatar kwana mai inci 18 daga tsakiya kafin ya juya lafiya, don haka zagaye ɗaya zai cinye kusan faɗin falankin filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, irin wanda za ka samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Wannan rabin falonka ke nan. N kuwa an rage shi sau 160, layinsa milimita 9, tsohon ƙyauren ɗaki ya ishe shi. Sai dai mutum a N santimita ɗaya ne kacal, ƙera masa gida sai mai kaifin ido, kuma ƙura ta fi saurin tsayar da jirgin. Da ni ne kai, HO zan ɗauka in haƙura da zagaye. In kafa kanta a jikin bango, faɗin santimita 40, tsawon yadda bangon ya ba da, in gina tasha guda da layi biyu ko uku, jirgi ya shigo, ya ajiye tarago, ya ɗauki wani, ya fita. Aikin tasha na gaske ma haka yake. Ka tabbata katakon busasshe ne, ka yi masa firam ta ƙasa don kada ya kantare da hunturu, ka shafe shi da fenti ciki da bai saboda gara.

Wani matashi daga Kurna ya rubuto cikin ɓacin rai: "Na kwana uku ina sassaƙa Dutsen Dala da farar kumfar nan ta cikin kwalin firiji. Ina fesa masa fentin gwangwani sai ya narke a gabana. Me na yi ba daidai ba?"

Ƙanena, sannu, na san zafin wannan. Sinadarin da ke cikin fentin feshi shi ke cinye kumfar, haka ma gam ɗin masu gyaran takalmi da fentin mai. Farin gam da fentin ruwa irin na bangon ɗaki kaɗai take ɗauka. In ka sake sassaƙawa, ka lulluɓe ta da tsumma ko takardar jarida da ka tsoma a POP mai ruwa-ruwa, ka bari ta bushe sarai, sannan ka yi fenti. Kada kuma ka yanka ta da wuƙa mai zafi a cikin ɗaki a rufe, hayaƙinta ba shi da kyau ga ƙirji.

Amma bari in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Tudu mai mita 50 kawai, a HO ya haura rabin mita, zai danne jirgin da gidajen gaba ɗaya. Dala da Goron Dutse a jikin allon baya ya kamata su zauna, a zana su da fenti mai haske kamar ana hango su cikin hazo. Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, kyanta a ƙasa yake: kududdufi, kwalbati, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gada irin ta kogin Challawa da rairayinta. Don haka ka shimfiɗa kumfa mai kaurin santimita 5 a kan falankin gaba ɗaya, ka ɗora layi a kai, sai ka riƙa sassaƙawa ƙasa. Ruwan kududdufi fenti ne mai duhu da banish a kai, shafi uku ko huɗu. Ruwan gaske ba ya shiga wannan aiki. In kuma lallai sai jirgi ya hau tudu, kada hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ƙafafunsa za su yi ta sulɓi.

Ƙasar da za ka barbaɗa kuma kyauta ce, amma tana da sharaɗi. Ka shanya ta ta bushe, ka tankaɗe da rariya, sannan ka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ka bi ta kanta. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne masa. Injin jirgin yana da nasa mayen ƙarfen, in ba ka cire garin nan ba shi zai zuƙe shi ya lalace. Bayan ka barbaɗa, ka haɗa farin gam da ruwa rabi da rabi, ka sa ɗigon ruwan omo don ya ratsa, ka ɗiɗɗiga da sirinji. Ka nisanta gam daga wurin canjin layi. Sannan ka zaɓi lokaci ɗaya, rani ko damina, kada ka gauraya. Na fi son rani: dusar katako da aka rina ruwan ƙasa ta zama busasshiyar ciyawa, kuka kuma ba ta buƙatar ganye. Ka murɗa zaren tsohuwar wayar wuta, ka kumbura gindin da takarda da gam, ka baza rassan. Kuka mai mita 15 santimita 17 ce a HO, kada ka ji tsoron girmanta. Kuskuren da na fi gani shi ne bishiyar da ba ta kai tsawon tarago ba.

Wata uwa daga Tarauni ta ce ƙanin mijinta zai aiko wa ɗanta mai shekara tara da jirgi daga Amurka, me za ta ce ya sayo?

Hajiya, abu na farko wuta. Ta Amurka 120 ce, tamu 230, in aka jona akwatin wutarsu kai tsaye zai ƙone nan take. Ya duba wanda aka rubuta yana ɗaukar 100 zuwa 240, in babu, a haɗa da na'urar rage wuta. Ya zaɓi HO, kuma layin ya zama na farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ba na baƙin ƙarfe ba. In wata rana za ku ƙara tarago ko kan jirgi, ku sani na kamfanin Märklin na Jamus tsarin wutarsa daban ne, ba ya tafiya a kan layin sauran. Gidaje kuwa kada a sayo masa ko ɗaya. Yaron da ya ga ana motar kara da ta langa-langa a unguwa zai iya rumfar kasuwa da kara da kwali. Ki riƙe reza a hannunki, ki kuma kawar da ƙananan kayan daga inda ƙannensa ke rarrafe.

Mutum uku sun yi tambaya ɗaya a kan ƙurar hunturu. Jirgin ta layin yake shan wuta, ƙura kaɗan ta isa ta yanke ta. Ku yi wa teburin murfi da firam da leda, ku goge layi da tsumma da ɗan sifirit kafin kowane wasa. Ban da samfefa, ban da mai. Wajen haɗa layi kuma ku bar tsaga mai kaurin kati a wasu gaɓoɓin, domin zafin watan Afrilu yana miƙar da ƙarfe.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce da ya yi ritaya daga aikin reluwe. Ya ce jikansa ya nuna masa irin wannan jirgi, amma a idonsa layin ya yi wa taragon faɗi, ba haka ya san na Kano ba.

Baba, idonka bai yaudare ka ba. In ka ninka milimita 16.5 sau 87 za ka samu kusan 1,435, wato faɗin sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Wanda ka yi wa aiki ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Hanya biyu ce. Ko a nemi layi mai milimita 12 a ɗora jirgin ma'aunin HO da aka yi dominsa, wanda samunsa a nan da wuya, ko a bar layin 16.5 yadda yake a ƙera jikin tarago da gine-gine a ma'aunin sau 64. Masu wannan sha'awa a ƙasar Niyu Zilan haka suke yi, domin layinsu faɗinsa ɗaya da namu na da. A wannan ma'auni mutum ya kusa santimita 2.7, ginin ma ya fi daɗin riƙewa a hannu. Ƙafafun da injin na HO ne, jikin kuwa kwali da siririn katako.

Ina da roƙo gare ka, Baba. Ka zaunar da jikan nan da takarda da fensir, ka zana masa tashar yadda ka same ta: inda sito yake, inda ake juya kan jirgi, inda tankin ruwa ya tsaya, da gefen da ake loda gyaɗa da fatu. Shi ya yi awo da yanka, kai ka riƙa gyara masa inda ya kauce.