Tambaya da Amsa: Ragar tsohon firji da ƙarfen galbanaiz a tanderun banda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa tanderun banda da hannuna, irin na tsaye mai ƙofa a gaba, wuta daga ƙasa. Ina son raga uku masu zamiya, in jawo in duba nama in mayar ba sai na cusa hannu cikin zafi ba. Ta farkon da na yi, ina jawo ta rabi sai ta tuntsure, naman ya zube a toka. Yanzu na samo ragar tsohon firji guda biyu da guntayen bututun galbanaiz, kuma ina tunanin sa layin durowa mai boris. Abin da ya tayar min da hankali shi ne, ranar da na yi waldar bututun na kwana da zazzaɓi da rawar ɗari, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Wani da ya daɗe a sana'ar ya ce ba komai, in sha madara, kuma idan na ƙona ƙarfen sau ɗaya ya zama lafiyayye. Iyalina ne za su ci abin da ke fitowa daga ciki. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka ci gaba, ɗan'uwa. Ka cire bututun nan, ragar firjin kuma kada ta kusanci wuta.

Zazzaɓin da ka kwana da shi sananne ne ga duk wanda ya taɓa sa walda a kan galbanaiz. Rufin zink ne a jikin ƙarfen. Zink yana narkewa a wajen digiri 420 na ma'aunin Celsius, yana tafasa a digiri 907, wutar walda kuwa ta ninka wannan sau da yawa. Farin hayaƙin da ka ga yana tashi, da farar hodar da ta kwanta a gefen ɗinkin, su ne ka shaƙa. Yakan ɗauki awanni kafin ya kama mutum, shi ya sa sai da dare ake jin sa, kuma yawanci yana sauka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Idan har yanzu kana tari, ko ƙirjinka na ɗaurewa, ko numfashi na yi maka wuya, ka tafi asibiti yau, ka gaya wa likita ainihin ƙarfen da ka yi wa walda.

Maganar madara ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, kuma daga bakin manya, waɗanda yara ke koyon aiki a hannunsu. Madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu yake shiga, ina suka haɗu? Mutum ya sha kofi ɗaya, zazzaɓin ya sauka da kansa kamar yadda dama zai sauka, sai a ce madara ta yi aiki. Illarta ita ce yaro ya sha ya ji ya samu kariya, ya sunkuya da fuskarsa a kan hayaƙin har yamma. Abin da ke kare mai walda shi ne ya goge rufin zink daga inda zai ɗinka, ya yi aiki a sarari inda iska ke kaɗa hayaƙin nesa da fuskarsa, ya sa abin rufe hanci mai matatar hayaƙin ƙarfe. Ƙyalle a hanci ba ya tare komai.

Batun "a ƙona sau ɗaya" shi ma haka. Gaskiya ne cewa zafin banda, digiri 110 zuwa 135, bai kai ya mayar da zink hayaƙi ba, kuma da wannan suke kafa hujja. To amma tanderu ba ya zama a zafi ɗaya. Kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta tashi ta lashi ragar ƙasa. Su kansu masu yin galbanaiz sun sa iyakar amfani da shi na dogon lokaci a wajen digiri 200, bayan nan rufin kan fara ɓarewa. Ga gishiri da duk wani abu mai tsami da aka shafa wa nama, suna cin zink suna kai shi cikin abinci. Ƙonawar da ake yi a tsakar gida kuma ba ta kama ko'ina daidai: wajen bututun ya yi fari ya ɓare, cikinsa da lunguna suna nan da rufinsu, ga shi ka sake shaƙar hayaƙin a banza. Wasu na jiƙa shi a asid. Wannan yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, ya bar ka da ruwan guba da ba ka san inda za ka zubar ba. Duk wannan wahala don guntun ƙarfen da baƙin ƙarfe zai maye gurbinsa?

Ragar firjin ta fi ba ni tsoro. Wasu tsofaffin firji an rufe ragarsu da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, kuma an samu mutanen da suka sha guba bayan sun gasa nama a kan irinta. Kadmiyam na narkewa a digiri 321, hayaƙinsa na iya kashe mutum, yana taruwa a ƙoda tsawon shekaru. Mugun abin shi ne alamunsa na farko sun yi kama da na zink, sai mutum ya zauna yana jiran ya wuce alhali huhunsa na cika da ruwa. Ido ba ya bambance rufin kadmiyam da na zink ko na kurom. Sababbin firji kuwa ragarsu na da rufin roba ko fenti. Ko wacce ka riƙe, ba ta wuta ba ce. Wani abu kuma da nake gani yana ba ni haushi: fesa maganin wanke birki a kan ƙarfe kafin walda. Mai sinadarin kulorin a ciki idan ya haɗu da wutar walda yana haifar da iska mai guba da ake kira fosjin, wadda aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Layin durowa ka manta da shi. Akwai giris a ciki, akwai guntayen roba, yawancinsu ma rufin zink ne, kuma toka da kitse za su daskarar da boris ɗin.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka nemi baƙin ƙarfe mara rufi: angul, wato ƙarfe mai siffar harafin L, mai faɗin milimita 25, kaurin milimita 3, da ragar ƙarfe mai idon lu'ulu'u wadda aka daddale ta kwanta. Idan kana da hali, ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304 ya fi sauƙin wanki, amma hayaƙin waldarsa shi ma ba na shaƙa ba ne. Ka auna faɗin cikin tanderun a gaba, tsakiya da baya, ka yi aiki da mafi ƙanƙanta, don tanderun da aka haɗa da hannu ba ya rasa karkata. Firam ɗin ragar ya gaza wannan awon da kamar milimita 6 zuwa 8. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita biyu da rabi idan zafinsa ya hau da digiri 200, sannan kitse zai taru ya cinye sauran. Ragar da ke shiga cif-cif a sanyi za ta maƙale ranar da kake da nama a kai.

Ka ɗosa walda a kusurwa huɗu tukuna, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, sai sun zo daidai ka cika ɗinkin, kana tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada zafi ya murɗe firam ɗin. Idan faɗin ya wuce santimita 60 ka gitta ƙarfe ɗaya a ƙasan ragar.

Tuntsurewar da ka gani kuwa, dalilinta shi ne layi ɗaya kawai ka sa a kowane gefe. Biyu ake sawa: na ƙasa ya ɗauki nauyi, na sama ya danne gindin ragar idan ka jawo ta, da tazarar milimita 4 ko 5 a kan firam ɗin. Ka ɗinka ɗan guntun ƙarfe a bayan ragar da zai ci karo da wani a bakin layin, ta tsaya a kashi biyu cikin uku, amma ka bar yadda za ka ɗaga ta ka zare don wanki. Ka tabbata ƙafafun tanderun na da faɗi, don raga cike da nama a waje na iya jawo shi ya kife gaba. Tsakanin raga da raga santimita 12 zuwa 15 ya isa.

In ka gama, ka goge bakin ragar mai kaifi, ka wanke man masana'anta da ruwan zafi da sabulu, kada ka yi wa ciki fenti. Ka shafa man girki siriri, ka hura wuta na awa biyu ko uku ba nama, har ƙarfen ya yi baƙi yana sheƙi. Kafin ka ɗora abinci, ka jawo kowace raga tana da zafi, da nauyi a kanta, ka ga ko ta tsaya.