Tambaya da Amsa: Mayar da Garejin Gida Wurin Aikin Kafinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, kuma saura mini shekara guda in yi ritaya. Tun ina makarantar sakandare nake sha'awar aikin katako, yanzu kuwa ina so in mayar da garejin gidana wurin da zan riƙa haɗa kujeru da kantoci da ƙananan tebura. Faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 6, rufin kwano ne ba silin, yana da babbar ƙofa da taga guda. Na riga na tanadi kuɗin injin yankan katako mai tebur. Da me ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama aiki lafiya, ya kuma sanya albarka a cikin wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce ka dakata da sayen injin nan tukuna, domin a ƙaramin wuri irin naka tsawon katakon da za ka riƙa juyawa shi ne yake tsara ɗaki, kuma shi ne mafi yawan masu farawa suke mantawa da shi.

Bari mu yi lissafi. Falankin da ake sayarwa a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa galibi ƙafa 12 ne, wato kusan mita 3.6. Idan za ka tsaga shi a kan inji mai tebur, kana buƙatar filin da falankin zai miƙe kafin ya kai ga haƙoran zarto, da kuma wani filin kamarsa inda zai fita ta baya, jimilla fiye da mita 7, alhali garejinka mita 6 ne. Filawud ma, wanda faɗinsa ƙafa 4 ne tsawonsa ƙafa 8, yana cin kusan mita 5. Saboda haka wurin injin yankan shi ne kusa da babbar ƙofa, a saita shi ta yadda katako zai riƙa fita waje idan an buɗe ta, kuma a sa masa tayoyi masu birki don a tura shi jikin bango in an gama. Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauki alli ka zana wurin kowane abu a kan daɓe, sannan ka shigo da falanki guda ka yi ta juyawa da shi a ciki kamar kana aiki. Duk inda ya bugi bango, to, nan ne tsarinka yake da gyara.

Abin da ya cancanci kuɗinka na farko shi ne teburin aiki mai nauyi wanda ba ya girgiza idan ana goge katako ko ana buga guduma. Tsayinsa ya kasance tsakanin santimita 85 zuwa 90, ko kuma ka tsaya tsaye ka saki hannuwanka, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne daidai da jikinka. Ka ajiye shi a ƙarƙashin taga domin hasken rana ya riƙa sauka a kan layin fensir, ka kafa masa mamatsin katako a gefe guda. Da wannan tebur da zarton hannu da tef ɗin awo da sukwaya ta auna kusurwa da injin huda da ƙaramin injin yanka na hannu, za ka iya haɗa kusan duk abin da ka ambata. Kayan aikin kuwa a rataye su a bango, kowanne da ƙusarsa.

Sai maganar wuta, wadda ba na so ka yi wa riƙon sakainar kashi. Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗin gida mai ƙafa uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato abin da bai wuce wat 3,000 ba. Injin yanka yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800 idan yana gudu, amma a daidai lokacin da aka kunna shi yakan ja ninkin wannan sau da yawa, shi ya sa za ka ga fitilun gida sun yi ƙasa. Ka sa ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa garejin layinsa daban daga akwatin wutar gida, da waya wadda kaurinta bai gaza murabba'in milimita 2.5 ba, da wayar ƙasa ta gaskiya, wato wadda ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, da na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zuba a jikin mutum, wadda aka saita a miliamfiya 30. Soket ɗin su kasance a bango sama da tsayin tebur, kada a bar wayoyi suna jan ƙasa. Idan da janareta za ka yi aiki, wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Ƙura ita ce abokiyar gabar da aka fi rainawa. Dusar katakon da kake gani a ƙasa tsintsiya ta ishe ta. Wadda take cutarwa ita ce mai laushin nan da ke yawo a iska bayan an goge da sanfefa, wadda sai hasken rana ya ratso ta taga ake ganinta. Tun a 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci, kuma ƙurar katakon iroko an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Tunda tagarka guda ce, ka huda bangon da ke nesa da ƙofa ka sa fanka mai jan iska waje, ka kuma sa takunkumi mai matatar ƙura a duk lokacin yanka da guga. Idan akwai ƙofar da ta haɗa garejin da cikin gida, a toshe ƙasanta, don kada ƙurar ta bi iyali har ɗaki. Haka nan ƙarar da ta haura desibel 85 tana lalata ji a hankali, injin yanka kuwa ya wuce nan nesa, rufin kwano kuma ƙara mata amo yake yi. Silin zai rage maka amon da zafin bazara gaba ɗaya, abin toshe kunne kuma ba shi da tsada.

Akwai wani abu da ya shafe mu a Arewa fiye da na Kudu, wato bushewar katako. Yawancin katakon da muke saye daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, kuma yakan iso da ruwansa a jiki. Na taɓa ganin teburin cin abinci da aka haɗa cikin watan Agusta, an shafe shi ya yi sumul, gwanin ban sha'awa. Kafin Janairu ya ƙare, iskar hunturu ta buɗe tsakanin falankansa har tsinken ashana yana shiga, ɗaya gefen kuma ya ɗaga kamar bakin faranti. Katako a faɗinsa yake tsukewa idan ya bushe, tsawonsa kusan ba ya canjawa, kuma babu gam ko ƙusar da za ta hana shi. Don haka ka kafa kanta a dogon bangon garejin, ka jera falankan a kwance, ka sa siraran sanduna a tsakaninsu kowane rabin mita don iska ta ratsa, ka bar su makonni kafin ka taɓa su. Kada katako ya taɓa daɓe ko bango, saboda danshin damina da kuma gara, wadda sai ta gama cin ciki kafin a ga alamarta a waje.

Tina, wato ruwan tsinka fenti, da fenti da man shafe katako a ajiye su cikin akwatin ƙarfe mai murfi, nesa da inda tartsatsi ke tashi. Tsumman da aka goge irin man nan mai bushewa da shi, idan aka dunƙule shi aka jefar a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta, saboda haka a shanya shi a waje ko a tsoma shi cikin ruwa. Tukunyar kashe gobara kuma a rataye ta a bakin ƙofa.

Idan ka kammala waɗannan, ka yi wata biyu ko uku kana aiki da kayan hannu, sai ka je sayen babban injin. Ka tabbatar yana da murfin haƙora, da ɗan siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan zarton, wanda yake hana katako matse shi ya dawo kan mai yanka da ƙarfi. Ka sassaƙa sandar turawa don kada yatsunka su kusanci haƙoran, ka bar babbar riga da carbi a cikin gida, kuma ka sa wa ƙofar garejin kwaɗo saboda yara da jikoki.