Alhaji, wa ya yi maka lissafin nan?

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya aiko da tambaya: "Malam, ina da fili a Danbare, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Ɗan ƙanina da ya karanta zanen gine-gine ya kawo shawarar mu gina wa ɗalibai bene hawa 8 mai ɗaki 200, irin wanda ake ƙera ɗakunan a masana'anta a China, a kawo a jera. Ya ce naira miliyan 600 ta isa, a gama cikin wata shida, kowane ɗaki dubu 500 a shekara, kuɗina ya dawo a shekara shida. Shi ya yi zanen, shi ya samo kamfanin, shi zai tsaya a kan aikin. Zan sayar da shaguna biyu in cika kuɗin. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka sake karanta wasiƙarka ka ƙirga sau nawa ka ce "shi". Wanda ya yi zanen shi ya faɗi farashi, shi ya lissafa riba, shi ya samo mai sayarwa, shi kuma zai riƙe kuɗin. A Kwari, za ka yarda dillali ya zaɓo maka shadda, ya sa mata kuɗi, ya kuma rubuta maka rasit da hannunsa? Ban ce yaron macuci ba ne. Matashi ne da ya ga aikin da zai fito da sunansa, kuma mai irin wannan buri ba ya ganin aibin abin da ya zana. Kai kuma kunyar ƙaninka ba za ta bar ka ka titsiye shi ba. Kuskurenka ke nan, sauran duk rassa ne.

Irin wannan gini gaskiya ne, ba damfara ba ce. A Wembley da ke Landan akwai masaukin ɗalibai hawa 29 da aka gama a 2017 ta wannan hanya, kuma a Changsha ta China wani kamfani ya tayar da hawa 57 cikin kwana 19 a 2015. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne watannin da aka kwashe ana ƙera kayan, da harsashin da aka riga aka zuba. Ribar tsarin tana zuwa ne idan masana'anta na kusa, hanya na da kyau, bashin banki na da sauƙi. Ko a can ɗin ma kamfanonin irin wannan gini sun sha kashi: Katerra ta Amurka ta durƙushe a 2021 bayan an zuba mata kusan dala biliyan 2, Ilke Homes ta Ingila ta bi ta a 2023.

To kai ɗakunanka za su sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas, su yi tafiyar kusan kilomita dubu a bayan tirela. A ƙara kuɗin kwastan da na injin ɗaga kaya da zai kai hawa na takwas, sannan ka je ka duba ko tirela za ta iya juyawa a layinku. Masana'anta da dala take karɓa, kuma tun kafin ka ga ƙofa ɗaya. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Da a tsakanin nan ka sa hannu, ina miliyan 600 ɗinka za ta kai ka?

Mu ma bar farashin yadda ya faɗa. Miliyan 100 a shekara (ɗaki 200 a kan dubu 500) lissafin gidan da ya cika maƙil ne, kowa ya biya a kan kari, ba a kashe ko kwabo ba. Cire ɗakunan da za su zauna babu kowa da masu taurin bashi, ka ce saura miliyan 85. Hawa 8 ba ya yiwuwa sai da lifta, lifta kuma sai da wuta, wuta kuma ka san janareta da dizal ke nan. Ruwan rijiyar burtsatse sai an tura shi har sama. Ga masu gadi, ga kwasar shara, ga gyaran famfo da banɗakin da matasa ɗaruruwa ke amfani da su. Idan ka tsira da miliyan 55 ka gode wa Allah, shekara shida ta koma sha ɗaya. Kuma ina yajin aiki a lissafin? A 2022 ASUU ta rufe jami'o'i daga Fabrairu zuwa Oktoba, a 2020 ma wata tara aka yi. Ɗalibin da ya biya kuɗin shekara ya yi wata takwas a gidan iyayensa ba zai sabunta maka da daɗin rai ba.

Na san wani bawan Allah mai sayar da hatsi da ya damƙa wa ƙanin matarsa ginin masaukin ɗalibai hawa uku. Babu yarjejeniya a rubuce, babu rasit, sai dai a bugo waya a ce siminti ya ƙare, ya tura. Da aka zo zuba dakin (rufin kankare) na biyu kuɗi suka ƙare. Ya ce a zauna a yi lissafi, sai magana ta koma "ashe ɓarawo ka ɗauke ni". Matar ta yi yaji, dattawa suka shiga. Da na bi ta wajen bara, kangon na nan, rodi a tsaye ya yi tsatsa. Har yau mutumin bai san ko cinye kuɗin aka yi ko kuwa kiyasin ne ya yi kaɗan tun farko ba, kuma wannan rashin sanin ya fi asarar ci masa rai.

Kada ka sayar da shago ko ɗaya yanzu. Shagunan nan su ke ciyar da gidanka, kuma sana'ar da ka sani ke nan. Ware 'yan miliyoyi ka biya mutum biyu da ba su haɗa komai da danginku ba: mai ƙididdige kuɗin gini, da injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, da zai sa a gwada ƙasar filin. Ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da ƙafarka ka ji hawa nawa za a amince maka a wannan unguwa. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kai kuma 'ya'yan mutane za ka kwantar, masu girki da gas a ɗaki. Matakala biyu wajibi ce saboda gobara, ko da za ta cinye maka ɗakunan haya.

Ni da filin nawa ne, hawa uku zan yi da bulo da magina na gida, ɓangare ɗaya tukuna, ɗaki 40 zuwa 50. Zan ari dabarar masana'antar: ɗakuna girma ɗaya, banɗaki a kan banɗaki don bututu ya miƙe, ƙofofi da tagogi a yi odarsu lokaci guda. In ya cika shekara biyu a jere, sai in ƙara.

Yaron kuma kada ka kore shi. Ka yanka masa albashi, a rubuta aikinsa, ya zauna ƙarƙashin injiniyan ya koya, amma kuɗi kada su bi ta hannunsa. Ka kira ƙaninka ka faɗa masa wannan tsari da bakinka tun kafin a haƙa rami ɗaya.