Dila na son sauya takardar cinikin mota bayan mun sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Na yi cinikin Toyota Corolla da wani dila a kan naira miliyan 7, na biya miliyan 5, muka sa hannu a gaban shaidu biyu cewa zan cika sauran a ƙarshen wata in ɗauki motar. Yanzu ya kira ni ya ce dala ta tashi, don haka sai in sa hannu a sabuwar takarda da ƙarin naira 800,000, ko kuwa in karɓi kuɗina. Shin yana da wannan ikon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi da wannan ikon, kuma kada ka sa hannu a kan sabuwar takardar, domin sa hannunka ne kaɗai zai ba shi abin da doka ba ta ba shi ba. Yarjejeniyar da mutum biyu suka ƙulla ba ta sauyawa sai da yardar su biyun. Tashin dala, ko ƙarin kuɗin fito na kwastam, ko ganin cewa an sayar da araha, duk ba su warware ciniki, domin riba da faɗuwa suna cikin abin da ɗan kasuwa ya ɗauka tun ranar da ya sallama. Na san dilolin mota sun ji jiki tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, har wani kan sayar da mota ya kasa mayar da irinta, amma wannan dalili ne na ya roƙe ka, kai kuma kana da damar ka tausaya ko ka ƙi.

Haka abin yake a fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Sakkwato ke aiki da shi. Da zarar mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya ce ya karɓa, ciniki ya ƙullu, ko da ba a tashi daga wurin ba. Warwarewar da ake kira iƙala kuwa alheri ne da ɗaya ke yi wa ɗaya bisa son ransa. Saboda haka maganar "karɓi kuɗinka" tayi ne kawai, kuma tayi ne mai cutarwa, tunda miliyan 5 ɗin da zai mayar maka ba za ta saya maka abin da za ta saya a ranar cinikin ba.

Sai dai ka ɗauko takardar ka sake karanta ta layi-layi, har ƙananan rubutun da ke ƙasa ko a bayanta. Wasu diloli kan saka sharaɗin cewa farashi na iya canzawa kafin a cika kuɗi. Idan akwai shi, maganar ta ɗan yi nauyi, amma ba ta mutu ba, domin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018 ta hana sharuɗɗan da suka karkata ga mai sayarwa har suka zama zalunci. Ka kuma duba ko an rubuta lambar chasis. Wannan lambar ita ke nuna cewa wannan motar ce takamaimai aka sayar maka, kuma da ita ne lauya zai nemi kotu ta tilasta a miƙa maka ita, ko ta hana a sayar wa wani kafin a yanke hukunci. Idan kuma ya riga ya sayar, kana iya neman kuɗinka tare da bambancin da ke tsakanin farashin da kuka yi da farashin irinta a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wa'adin ƙarshen wata. Kada ka bari ya wuce kana jayayya ta waya, domin idan ka makara, kai ne za a ce ka saɓa. Ka rubuta masa ta WhatsApp ko wasiƙa cewa kana nan a kan yarjejeniyar farko, sannan kafin ranar ka je da shaidun nan biyu da cikon miliyan 2, ka biya ta banki don shaida ta zauna. Idan ya ƙi karɓa, shaidun sun gani. Asalin takardar da rasit ɗin biyan farko kuwa ka bar su a gida, kwafi za ka riƙe.

Daga nan ka fara da shugabannin ƙungiyar dilolin, domin sukan kashe irin wannan rigima a zama ɗaya. In abin ya faskara, ka kai ƙorafi hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu sayayya, ta shafinta na intanet, ko ka shigar da ƙara a kotu. Kada ka nufi ofishin 'yan sanda, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sai fa idan ta bayyana cewa motar ba tasa ba ce, ko ya karɓi kuɗin wani a kanta.