Gogayya ko Jayayya: Me Ruwa Ke Yi wa Bangon Bututu?

Wani ɗalibin injiniyanci ya tambaya: ƙarfin nan da ruwa ke jan bangon bututu da shi yayin gudu, gogayya za a kira shi? Sannan yaya ake lissafa shi?

Gogayya daga goga take, kamar yadda soyayya ta fito daga so, jayayya daga ja. Ɗafin -ayya kan nuna aikin da ɓangare biyu ke yi wa juna. Sai dai ruwan da ke manne da bango tsaye yake cik, ba ya gogar komai. Na samansa ne ke gudu yana jan sa, bango na riƙewa. Da jayayya ba ta koma nufin gardama ba, da ita ta fi dacewa. Ni dai "jan bango" nake cewa. Kada a haɗa shi da matsi: matsi tura bango yake yi, shi kuwa wannan ja bisa tsawon bango yake tafiya.

Abin da ke sa man inji ya fi ruwa nauyin gudu, danƙo za mu ce. Idan muka ce kauri, zai rikita mai karatu da kaurin bangon. Yauƙi kuwa na abu ne mai zarewa idan an ɗebo, kuma irinsa ba ya bin lissafin da ke tafe.

Asalin ƙa'idar, τ = μ × du/dy: jan bango (τ) shi ne danƙo (μ) sau yadda gudu ke ƙaruwa daga jikin bango (du/dy). A bututu mai gudun natsuwa ta koma τ = 8μV/D, inda V matsakaicin gudu ne, D kuma faɗin bakin bututu. Ɗauki ruwa mai zafin digiri 20 na Celsius, danƙonsa 0.001 Pa·s (Pa shi ne pascal, ma'aunin matsi; s kuma daƙiƙa), faɗin bakin bututu mita 0.02, matsakaicin gudu mita 0.1 a daƙiƙa. Fara da lambar Reynolds, mai nuna ko ruwa ya natsu ko ya hargitse, ρVD/μ (ρ nauyin ruwa ne a kowace mita kubik, kilo 1000), ta ba da 2000, ƙasa da 2300, wato ruwan bai hargitse ba. Jan bango ya zama 0.04 Pa.

Ƙanƙane ne, amma yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Irin wannan ja ne ke zaizaye gaɓar kogi.

Kuskure kan zo daga barin santimita ba a mayar mita ba, ko sa rabin faɗi a gurbin D. Idan ruwan ya hargitse, auna faɗuwar matsi ΔP a tsawon L na miƙaƙƙen bututu da ke kwance, ka yi amfani da τ = ΔP × D/4L.